Gyaran da Aka Dawo Mini da Shi

Zuwa ga Malam Kailani,
Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Hajiya Rakiya da yara? Yaya ɗalibanka na shagon kwamfuta? Ni lafiyata lau a nan Poland. Sanyi ne ya ɗan kwantar da ni, amma na tashi. Don Allah kada Innata ta ji.

Malam, godiya ce ta sa na rubuto. Ka san ci gaba da aikina a nan ya rataya ne a kan masu wata manhajar kwamfuta su karɓi gyaran da na yi, wanda zai sa haruffan ƙ da ɗ su fito daidai a manhajarsu. Ta imel suke duba gyara. Na liƙa nawa na tura, ashe layukan sun dagule a hanya, kan saƙon ma ban bi ƙa'idarsu ba. Mai dubawa ta ce, "Wannan ba ya hawa kan manhajar, sake turowa." Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sai na tuna maganarka: "Sharfaddeen, fara gwadawa a kanka." Na saita git send-email, wato hanyar tura gyara da ba ta dagula layuka, na rubuta PATCH v2, wato gyara karo na biyu, da sunan sashen da na gyara a kan saƙon yadda ƙa'idarsu ta ce, na tura wa kaina. Da na ga ya hau, na tura musu. Jiya ta amsa, "Na karɓa, na gode."

Na waiga in gaya wa wani, babu kowa a ɗakin. Kai na fara rubuto wa. Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci.

Ɗalibinka,
Sharfaddeen