Waɗanda Suka Fara Rubuta Suna

Harobanda, 20 ga Satumba

Ƙanena Abdoulkarim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina aiki, ina iyali? Ruwa ya tafi da wayata, shi ya sa na ba Idrisa mai taksi takardar nan.

Har yau cikin lakwal, makarantar yara, muke kwana, ni da yara huɗu, kuma darakta ya ce ɗaya ga Oktoba kowa ya fita, karatu zai koma. Sau uku ƙungiyarku ta raba tanti. Mu da kogi ya fara ci wa gidaje, muka fara rubuta suna, ko sau ɗaya ba a kira mu ba. Waɗanda suka zo shekaranjiya sun samu! Ba kai ke riƙe da ordinatar, kwamfutar da ke fitar da sunayen, ba? Wallahi raina ya ɓaci.

Yayarka,
Safiatou

Yantala, 22 ga Satumba

Yaya Safiatou,

Ina gaishe ki da yara, ina kuma jin kunyarki. Laifina ne.

Ni na rubuta umarnin da ke fito da sunaye. Na ce wa na'urar ta tace mutanen Harobanda da ba su samu ba, ta jera su bisa ranar rajista, ta tsaya a iya adadin tanti. Sai na jera daga sabo zuwa tsoho. Kullum ku ne a ƙasa, kullum kafin a kai gare ku an yanke.

Na gyara yau. Amma tanti ɗari suka rage, ke kuwa ta ɗari da huɗu ce. Adadin ba a hannuna yake ba: gurbi kawai na bari a cikin umarnin, mai kula da sito ke cika shi da abin da ya ƙirga. Zan iya cusa sunanki da hannu, sai dai wata ta faɗo. Tun safe nake kallon sunanta, na kasa.

Jibi Idrisa zai kwaso ku, ku zauna ɗakinmu. Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Abdoulkarim

Harobanda, 23 ga Satumba

Abdoulkarim,

Muna amsawa. Kada ka taɓa sunan kowa, kada kuma ka turo taksi babu kai a ciki.

An kafe jerin sunayen a ƙofar lakwal. Ta ɗari da ɗaya Inna Hadiyya ce, tsohuwar da tabarmarta ke jikin tawa, ba ta da ƙane a Yantala. Tun ɗazu take tambaya ta ko an kira ta.

Ka zo ka ba ta amsa da bakinka.

Allah ya kawo ka lafiya,
Safiatou