Ƙwayoyin Yaya Haladu

Litinin, 3 ga Afrilu, 1978

Na bar 'yan ajina na je karɓo wa Yaya Haladu ƙwayoyin farfaɗiyarsa, kamar kowane farkon wata. Shekara huɗu ina yi, kyauta ake ba da su, kuma ko sau ɗaya bai faɗi ba. Yau malamin asibiti ya juya katin, ya sake juyawa, ya ce wannan kwalbar ce ta ƙarshe. Wai takarda ta zo daga sama, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, mai son irin wannan magani ya tafi Kano. Na ce wane aljihun, wanda ake ta malala kwalta da shi? Ya ce shi ma ɗan aike ne. Wata gurguwa da ta taso tun daga Darki tana bayana da nata katin. Ban tsaya na ga yadda suka ƙare ba, don raina ya gama ɓaci.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Na gaya wa Yaya. Yana ɗinkin taru, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce to. To kawai. Mutum mai farfaɗiya, sana'arsa su, kullum yana tsakiyar kogi shi kaɗai cikin kwalekwale. Na ce ya bar ruwa ya koma sarin kifi a kasuwa, ya yi dariya wai Malama ta fara darasi. Shekara nawa ina wannan maganar, kunnen ƙashi gare shi.

Laraba, 19 ga Afrilu

Kano. Layi tun hantsi har la'asar, sannan aka ce sai mai ciwon ya zo da kansa, kuma likitan ranar Talata kaɗai yake zama. Yaya ya ce ba inda za shi. Tun ranar da ya taɓa faɗuwa a mota, fasinjoji suka yi ta dirowa don gudun yawunsa, ya rantse shi da motar haya har abada. Ni kuma hedimasta ya ce kada in kuskura in nemi hutun Talata. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar, 6 ga Mayu

Yau na ga ikon Allah. Barakatu matar Yaya ta ja ni ɗaki ta nuna mini kwalbar, ya naɗe ta da tsumma ya cusa a ƙasan akwati. Maganin da ya kamata ya ƙare tuni, yana nan kusan cike. Ashe tun ranar da na gaya masa ya daina sha.

Na same shi a zaure, na hau shi da faɗa. Shi ko a jikinsa. Wai yanzu rani ne, kogi iyakar gwiwa, ko ya faɗi ba komai. Ajiye su yake sai damina, ruwa ya cika.

"Salamatu, ke da iliminki. Wa yake fasa rumbu da kaka?"

Na ce Yaya magani ba gero ba ne, ba a yi masa rumbu. Ya ce duk abin da zai ƙare rumbu ake yi masa. Abin haushin ma, a nasa tunanin dabara ya yi.

Talata, 23 ga Mayu

Ya faɗi a tsakar gida, ya ciji harshe. Da ya farfaɗo wai ai gara a tudu.

Alhamis, 15 ga Yuni



Ya faɗi a ruwa, wannan ruwan iyakar gwiwan da yake taƙama da shi. Rub da ciki. Masunta biyar a wurin suka tsaya cirko-cirko saboda kumfar bakinsa. Isyaku abokinsa ne ya kama ƙafarsa ya ja shi kan yashi. Barakatu ta ce da ya ƙara jinkiri kaɗan, da yanzu zaman makoki muke. Na je da niyyar in wanke shi tas, na tarar da shi kwance yana kallon rufi. Na zauna kawai.

Lahadi, 18 ga Yuni

Ya ce ya bar ruwa. Ya bai wa Isyaku kwalekwalen da tarun. Alhamdulillahi, abin da nake nema ke nan.

Juma'a, 30 ga Yuni

Kogi ya cika. Yaya yana zaure daga safe har magariba, bayansa ga ƙofa. Barakatu ta sayo kifi a kasuwa ta yi miya, ya ture kwanon. Na tsokane shi har sau biyu ko zai ce Malama ta fara darasi, sai ya ce mini gaskiya ne, kin yi gaskiya. Tun da nake ban taɓa jin gaskiyar da ta ƙona min rai haka ba.

Talata, 4 ga Yuli

Ban je makaranta ba, hedimasta ya yi abin da zai yi. Na sa Yaya a mota, ko gardama bai yi ba, na zauna gefensa, na riƙe bakin rigarsa har Kano, duk mai kallo ya kalla. An ba da na wata ɗaya, sai mun koma, kuma haka za a yi ta yi. Kwalbar tana jakata. Kullum da safe ni zan kai masa, in tsaya sai na ga ya haɗiye.

Da yamma na bi ta wurin Isyaku. Na tarar zai tsallaka da kwalekwalen ya kai wa ƙaninsa. Na ce ya mayar da shi inda Yaya yake ɗaure shi. Ya dube ni ya ce, "Malama, ke ce da wannan maganar?"

Ni ban ce ya koma ruwa ba. Cewa kawai na yi a bar masa jirginsa a wurinsa.