Na Ga Zanin Gadon, Na Yi Shiru

Malama, ki taimake ni da shawara. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da furfura ta fito na koye shi a ajin yamma.

Allah ya ba ni jikar fari, mace, amaryata mai kumatu. Murna kamar na taka rawa, amma abinci ya ƙi shiga.

Shekara talatin ina wankin zannuwan gado a asibitin da 'yata ta haihu. Da na shiga dubiya na ga zanin da ke ƙarƙashinta, kuma na san jinin haihuwa, na san wanda ya wuce ƙa'ida. Ta ce jiri take ji. Ma'aikaciyar jinya ba ta ko auna ta ba, ta ce irinmu baƙaƙen fata akwai ƙarfin jiki, kuma ba ta ga ta ɗashe ba. Ina baƙar fata za ta nuna ɗashewa? Ta gadon kusa, farar mace matar wani babba, sau uku aka leƙo ta. Ni kuwa na ce wa 'yata ta daure, kada a ce mun cika fitina. Haka na saba, mai wanki ba ya gyara wa likita. Sai da ta suma aka rugo. An ceto ranta, amma an cire mahaifar.

Yanzu tana miƙo mini jaririyar ba ta kallona. In kai ƙara? Ina tsoro, don can za ta koma a duba ɗinkin tiyatar.

Kakan Amarya

Baba, barka da arziki, Allah ya raya amaryarka.

Ba kai ka ƙi auna ta ba. Aiki kan yi wa ma'aikata yawa, gaskiya ne, amma lokacin da aka samu na leƙa gado ɗaya sau uku ya isa a duba na kusa da shi. Tsoronka ma ba na banza ba ne, shi ya sa shawarar ta 'yarka ce. Ka fara da ita. Ka gaya mata ka gani ka yi shiru, ka nemi gafararta. In ta yarda, ku nemi kwafin takardun jinyarta, ku roƙi a sauya mata likita, sannan ka rubuta abin da ka gani, da rana da lokaci.

Ranar duba ɗinki ka raka ta, ka zauna a gaba. Karatun da ka koya da furfura, ga ranarsa ta zo. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zukatanku.