Saƙon Kawu Amidu da Na Buɗe

Zongo, Lome
9 ga Yuni

Zuwa ga Gwaggona Ummu Hani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Kimba da duk mutanen gida a Tawa. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon idon nan, ya ƙara miki tsawon rai. Mu nan lafiya lau. Damina ta kankama, makon jiya ruwa ya cika layin bayan masallaci har gwiwa, amma bai shigo mana ba. Ƙannena ma suna lafiya: Ramla ta gama jarrabawa, Abdel kuwa ya ajiye babur ɗin haya ya koma shagon yadi a babbar kasuwar Assigamé.

Na saurari saƙon muryarki sau uku. Na zaɓi in amsa a rubuce don kada zafin zuciya ya sa in katse ki a waya. Kin ce ranar Juma'a in je in durƙusa gaban Kawu Amidu, yayan Inna, in faɗa a gaban dattawa cewa na yi kuskure da na buɗe saƙonsa. Gwaggo, ban taɓa ƙin maganarki ba, amma wannan ba zan faɗa ba. Ga yadda abin ya faru, tunda rabinsa kawai ya iso miki.

Masu shirya taron 'yan jarida a New York ne suka gayyace ni, su suka saya min tikiti a ajin manya, wanda ke ba mutum damar ɗaukar akwati biyu manya. Inna kaɗai na gaya wa, washegari duk Zongo ya ji. Kin san al'adarmu: mai tafiya ɗan aike ne na kowa, saƙo kuma a naɗe yake zuwa, an ɗaure shi da salatif an rubuta suna, buɗe shi kamar ka ce wa mai shi ɓarawo ne. Ni kuwa na karanta dokokin shiga ƙasar da kyau, saboda haka na ce duk mai saƙo ya buɗe a gabana. Yawanci dariya suka yi suka buɗe. Hajiya Meimuna maƙwabciyarmu ta ce ko 'yan duwan, masu binciken kaya a iyakar Aflao, ba su kai ni tsanani ba, amma ta kwance ƙullinta. Ana saura kwana biyu Kawu ya zo da nasa, na ɗansa Samir da ke can, ya ce kaftani uku ne da yaji. Na roƙe shi mu shiga ɗakin Inna mu duba mu biyu. Ya ƙi. Ya ce shi ya yi min huɗuba ranar da aka haife ni, in maganarsa ba ta ishe ni ba, to in buɗe a nan tsakar gida kowa ya gani. Na ɗauko almakashi na buɗe.

Kaftani na nan, yaji na nan. Akwai kuma kilishi, wanda doka ta hana shiga da shi. A ƙarƙashinsa ga wani ƙaramin ƙulli, cikinsa kuma wani, shaƙe da ƙwayoyin magani babu kwali babu takardar likita. Kawu da kansa bai san da su ba. Wani abokin cinikinsa ne ya ba shi ƙullin ya ce tsarabar yara ce, shi ma wani ne ya ba shi. Mutum bakwai ne a tsakar gidan, duk sun gani. Kawu ya tattara kayansa ya fita ba sallama.

Na ji ana cewa kujerar jirgi ce ta kumbura min kai. To bari in gaya miki gaskiyar kujerar, don ba zan yi ƙaryar ban ji daɗinta ba. Tun kafin mu tashi aka miƙo min tawul mai ɗumi in goge hannu, aka kira ni da sunana daidai, aka ba ni takardar abinci in zaɓa. Kujerar na miƙewa ta zama gado, da bargo da matashi. Awa goma sha ɗaya muka yi bisa teku, na yi sallolina a zaune, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina makaranta. Sai dai duk wannan gata a bakin ƙofar jirgi ya ƙare. Da muka sauka, layi ɗaya muka bi da kowa, ga jami'ai, ga kare yana shinshinar akwatuna. Jami'in ya tambaye ni ko ni na haɗa kayana, ko akwai nama, ko wani ya ba ni abin da ban san cikinsa ba. Na dube shi na amsa, zuciyata ko ɗar, domin babu abin da ke akwatin nan da ban taɓa da hannuna ba.

A gefena akwai wata dattijuwa da muka zo jirgi ɗaya, tsarar Inna, da carbi a hannu. Karen ya zauna kusa da jakarta. Aka yanka wani ƙulli, tana ta maimaitawa da Faransanci cewa saƙo ne, ba nata ba ne, ba ta san abin da ke ciki ba. Na ce zan yi mata tafinta, aka ce in wuce. Ban san yadda ta ƙare ba. Na dai ga an shiga da ita wani ɗaki, takalminta ɗaya ya saɓule ba ta ma tsaya ɗauka ba.

Garin kansa kuwa, Assigamé ranar jajibirin Sallah natsuwa ce idan aka kwatanta. Jiragen ƙasa suna ruri ƙarƙashin ƙafarka, motocin asibiti suna kuwwa, kowa yana sauri kamar an biyo shi, ba mai duban wani. Samir ya tarye ni ya kai ni unguwarsu, Bronx, inda na ji Hausar Zongo a bakin titi kamar ban bar gida ba. Da na ba shi labari sai ya riƙe kai. Ya ce shekara nawa yana gaya wa babansa a daina aiko nama, har ya nuna min shagon da ake sayar da kilishi kusa da gidansa. Na ce to ya kira Kawu ya faɗa masa haka. Ya ce shi ba ya iyawa.

Yau mako uku da dawowata, Kawu bai taka gidanmu ba, Inna ta gaishe shi a wurin suna ya kau da kai. Wannan shi ke ci min rai, don na ga tana share hawaye da bakin mayafi. Saboda ita zan je ranar Juma'a. Zan durƙusa in gaishe shi kamar yadda na saba tun ina yarinya, in gaya masa kunyar da ya ji ta dame ni. In ya juya min baya, in koma Juma'a ta gaba, da wadda ke bin ta. Amma kalmar na yi kuskure ba za ta fito daga bakina ba, domin in na faɗe ta, yarinyar da za ta yi tafiya bayana ba za ta iya cewa a buɗe ba. Tunda yana jin maganarki, Gwaggo, ki kira shi ki tambaye shi sunan mai ƙwayoyin nan da ya so in ɗauka da fasfona. Har yau bai san shi ba.

Ki gaishe min da Malam Kimba, da Fauziya da jaririnta, da Sharifuddeen idan ya dawo daga Agadas. Inna tana gaishe ki, Ramla da Abdel ma haka. Ki sa ni a addu'a ranar Juma'a.

'Yarki mai ganin girmanki,
Hamdiya