Amya Talatin a Gangaren Tuwaik

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Kafilina Abu Turki, wato maigidana a nan Saudiyya, ya sayar da tsohuwar a-kori-kurarmu mai shan dizal, ya kawo mai lantarki. Na shiga na zauna ina jira ta tashi, ashe tuntuni ta tashi. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi, tun daga hanyar Damagaram zuwa Agadas har nan Riyad, kuma da kunne nake sanin lafiyar mota. Wannan ko tari ba ta yi. Ikon Allah!

Litinin, 6 ga Oktoba

Kurna ta fara fure a wani kwari can yamma, kilomita ɗari da tamanin daga gari. Ni zan ja amyar ƙudan zuman Abu Turki talatin a tirela in kai. Shi an yi masa aiki a gwiwa, ba ya iya tafiya. Zuriyar ƙudan mahaifinsa ce, yana ji da su.

Na je unguwar Al-Sulay wurin Mamane mai walda, ɗan garinmu, ya gyara mini maƙalin tirela. Ya zagaye motar yana dariya, wai wayar salula ce aka sa wa taya. Na taya shi. Amma da na taka da lodin gwaji, ta ja kamar babu komai a bayanta. Sai dai allon da ke nuna batir zai kai kilomita ɗari huɗu ya dawo ɗari da casa'in. Gabana ya faɗi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ba zancen caji a hanya. Sai an kwance tirela kafin mota ta shiga wurin, ƙuda kuma a rufe ba sa jure zaman rana. Abu Turki ya ce, "Mafi tsayawa, ya Salisu, babu tsayawa. Kafin takwas ka buɗe musu, in ba haka ba khalas, shi ke nan, sun dahu." Da magariba muka toshe ƙofofin amya da raga.

Alhamis, 9 ga Oktoba



Na tashi bayan sallar asuba, batir cike, na kashe sanyi na zuge gilas. A danjar ƙarshe ta fita gari na ji abin da ban taɓa ji ba a bakin aikin nan: ƙudan. Da can rugugin inji ke rufe su. Amya talatin suna gunji a bayana, murya ɗaya, ƙasa-ƙasa. Tsigar jikina ta tashi. Sai da na baya ya danna mini oda.

Iska ta zo ta gaba, batir na zuba. Da na iso kan dutsen Tuwaik, inda hanyar Makka ke gangarawa, allo ya ce ba zan kai ba, batir zai ƙare saura wajen kilomita ashirin in isa. Sai hannu ya yi abin da ya saba. A hanyoyinmu na gida, in mai ya yi ƙasa, firi muke sawa a gangara, mu cire giya mota ta gangara da kanta. Na sa firi.

Innalillahi. Tirela ta turo ni, ta fara wutsiya, dama, hagu. A madubi na ga amyar gefe ta zame ta bugi ƙarfe. Ban san lokacin da na mayar da giya ba. Ina ɗage ƙafa, motar ta riƙe kanta da kanta, a hankali, ba ƙara, ba ƙaurin birki. Tirela ta miƙe.

Sannan lambar batir ta hau. Wallahi na murza ido. Nauyin da ya so kashe ni shi ke komawa cikin batir. Duwatsu jajaye a gefe, rana na fitowa a kansu, ni kuma ina gangara ina ta subhanallah ni kaɗai kamar zautacce. Duk gangaren da na yi a firi a rayuwata, ashe akwai abin da nake zubarwa.

A turbar ƙasa ta kwari gunjin ƙudan ya canza, ya yi kaifi. Zafi ne. Na tsaya minti biyu na yayyafa wa raga ruwa, suka lafa. Da tsohuwar mota ce, ba zan ji ba.

Takwas saura kwata na isa, batir kashi huɗu. Na buɗe ƙofofi, suka fito suka yi sama suka rufe kurna. Na zauna a ƙasa ina kallo.

Amya ashirin da tara ne suka tsira. Wadda ta bugu, saƙarta ta rushe, zuma ta shanye su duka har da sarauniya.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Mai wata gona a kwarin ya ba ni soket, mota na shan wuta sannu-sannu. Abu Turki ya bugo. Na ce masa ɗaya ta mutu, motar ce ta fizga a gangara, ya san sababbin nan. Ya ce ƙaddara ce, watakila ma ya mayar da motar. Haka muke yi, mu direbobi. Mota ba ta da bakin musu.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ban ci abin kirki ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na dawo Al-Naseem. Na sami Abu Turki a tsakar gidansa, ƙafa a miƙe kan matashi. Gaisuwa kawai na je yi. Ban shirya komai ba, sai na ji bakina yana cewa, "Ya ammi, baffana, ba motar ba ce. Ni ne. Ita ce ma ta cece mu."

Ya ce in zauna, ya zuba mini gahawa da hannunsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Ba zan gaya wa Mamane ba, zai mutu da dariya. Ni ma ban gane ba. Ƙarfe ne da waya, amma na kasa kwana uku da ƙaryar da na yi mata.