Dutsen da Na Goge da Toka

Yekuwa, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Mas'udu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a ramukan zinariya na Jado. Innarka tana gaishe ka, geron bana ya yi kyau.

Dutsen nan mai launin bakan gizo da ka aiko, wanda ka ce ka ba da zinariyarka ta shekara uku ka karɓo shi, na lalata shi. Hayaƙin ɗaki ne ya dusashe shi, na ce bari in goge shi da toka da rairayi yadda nake wa tukwane. Sai shuɗin da jan suka kankare, gefe guda ya koma fari fat. Inna ta tara maƙwabta ta kira ni mai farar ƙafa, yau kwana biyu ba ta ci abincina ba. Don Allah ka yafe mini.

Matarka,
Hinda

Mallawa, gidan babana

Zuwa ga Mas'udu,

Bayan gaisuwa, ina fata kana nan lafiya ƙalau, don labarin nan yana son mai lafiya.

Takardar sakinka ta iso, na karanta. Kafin in kwashe kayana, na ja Inna muka kai dutsen wurin Sabo, maƙerin zinariya a kasuwar Magariya. Ya juya shi a rana, ya nuna mana gindinsa inda launi bai taɓa ba. Ya ɓalle ɗan guntu, cikinsa fari. Ya ce launin dutse mai daraja har zuciyarsa yake, toka ba ta cin sa. Naka farin dutse ne irin na tuntuɓe, an shafa masa ɗan ƙarfe a masana'anta don ya yi ƙyalli, ado ake yi da shi a kan tebur. Masu shago suka yi ta dariya, ni ma na yi, har da hawaye.

Da saki ɗaya ka rubuta, da sai a ce fushi ne, a gyara. Uku ka jera, da hannunka.

A hanyarmu ta zuwa tasha Inna ta riƙe bakin mayafina tana kuka, ta roƙe ni kada in sanar da kai, wai zuciyarka ba za ta ɗauka ba kana cikin rami. Shi ya sa na saya wa wasiƙar nan ambulan tun kafin mu hau mota.

Ka huta lafiya,
Hinda 'yar Malam Yunusa