Lauya Ta Hana Babanki Ba da Haƙuri

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da duk mutanen gida. Ina fata kina lafiya, aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba, kuma ciwon bayan nan da tsayuwa ke jawo miki ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali kullum muna waya. Maganar ce ba ta faɗuwa a waya, don da zarar na ɗaga, babanki zai zo ya tsaya kusa da ni yana yi kamar hularsa yake nema. Ya kuma hana ni gaya miki. Ni kuwa ban ce masa to ba.

An kai babanki ƙara kotu. Ki zauna tukuna ki ji, ba sata ya yi ba.

Kin tuna gidan nan mai jan ƙyaure da ke gangaren layin bayan gidan mai, wanda aka ba babanki dillancinsa, ya daɗe a hannunsa ba mai saye? Da rani ya samu mai so, wani malamin makaranta mai sanyin magana, matarsa tela ce, tana da ƙaramin ciki a lokacin. Malamin ya ga gidan a kwari yake, ya tambaya ko ruwa yana shiga da damina. Babanki ya tambayi mai gidan, shi kuwa ya rantse ko digo ba ya shiga, ga bango fes da sabon fenti. Sai babanki ya tura wa malamin saƙo ta waya, wai ya kwantar da hankalinsa, ruwa bai taɓa shiga gidan nan ba. Bai rubuta cewa mai gida ne ya faɗa ba. Ya rubuta kamar shi ya yi shekara da shekaru yana kwana a ciki. Kin san halinsa, in ya yarda da mutum sai ya ari bakinsa ya yi magana da shi.

Satin da ya zo wurinki, wanda wayarsa ta ɓace a tasha, a satin aka yi ruwan nan mai ƙarfi. Ruwa ya shigo gidan ta baya har gwiwa. Katifu, littattafan malamin, keken ɗinkin matarsa da yadudan mutane da aka kawo mata, duk sun tafi. Maƙwabta suka ce ai kowace shekara haka ake yi, fentin ma don rufe shatin ruwa aka shafa shi. Malamin ya kira babanki, waya a kashe. Ya je ofis, ƙofa a kulle. Mai gidan kuwa ya tashi daga gari, ba wanda ya san inda ya nufa. To me kike so bawan Allah ya zata? Ya ɗauka haɗa baki aka yi aka gudu.

Babanki ya dawo da tsarabarki yana ta fara'a, ya tarar da sammaci. Yana gama karantawa ya zura takalmi zai tafi gidan malamin. Ni na ce ya fara kiran ƙungiyarsu ta dillalai. Suka haɗa shi da lauyarsu, wata yarinya da ba ta kai ki tsayi ba, amma in ta kafe mutum da ido ta saman tabarau sai ya gyara zama. Abu na farko da ta tambaya shi ne inshorar nan da ƙungiya ta tilasta musu, wadda ya shekara yana mita a kanta. Allah ya sa bai daina biya ba. Na biyu ta ce kada ya je gidan, kada ya kira, kada ya aika kowa, kuma ko a hanya suka haɗu kada ya ce wa malamin ya yi haƙuri. Ta ce kalmar za a ɗauke ta a kai gaban alƙali a ce ya amsa laifin yaudara, kamfanin inshora kuma ya zare hannunsa ya bar mu.

Auta, na ga babanki ya cire takalmin nan a hankali ya ajiye. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya kwana da haƙƙin wani bai je ya ba shi baki ba.

Ki yi mana addu'a. In kin kira shi kada ki nuna kin sani, ki yi masa hirar marasa lafiyarki kamar yadda kika saba, ita ce take sa shi dariya.

Taki har kullum,
Mamanki


Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu amsarki, na karanta ta a kicin na maimaita. Yaya gajiyar aiki? Kina dai cin abinci a kan lokaci? Yayanki da matarsa sun zo jiya, suna gaishe ki.

Kin ce za ki ɗauki hutu ki taho. Kada ki zo. In ya gan ki zai san na yi surutu, kuma babu abin da za ki yi a nan sai dai mu zama mu biyu masu kallonsa.

Lauya ta je ofishinsa ta juye shi kaf. Yanzu duk wanda ya kawo gida a sayar masa, sai ya zauna ya rubuta aibin gidan da hannunsa, yoyo ne, tsagewar bango ce, rigimar iyaka da maƙwabci ce, ya sa hannu. Wanda ya ƙi, a mayar masa da makullinsa. Mai saye kuma a ce masa ya kawo injiniyansa ya duba kafin a yi ciniki. Ta ce wa babanki in zai yi magana ya raba ta uku, abin da ya gani da idonsa, abin da aka gaya masa, da abin da bai sani ba, kada ɗaya ya shiga rigar ɗaya.

Shawara ce mai kyau, amma babanki ya ɗauke ta ya wuce da ita gaba. Mutumin da in yana nuna gida sai ka ji kamar ka kwaso kayanka a ranar, yanzu buɗe ƙofa yake ya koma gefe ya harɗe hannu. Wata mata ta tambaye shi ko unguwar da hayaniya, ya ce ba shi da tabbaci, ga injin niƙa yana ta ruri a bayansu. Ta dube shi ta tafi. Har gida abin ya biyo mu. Na ce masa yana ganin za a yi ruwa, in shanya kaya? Ya ce gara in tambayi masana. Na ba shi miya ya ɗanɗana gishiri, ya ce a iya saninsa ya ji, amma kada in dogara da maganarsa. Na ɗaga ludayi, sai ya yi dariya, ni ma na yi. Rabon da in ji dariyarsa an kwana biyu.

Ya kuma tsiro da wani sabon abu. Da hadari ya haɗu sai ya ɗauki lema ya fita, ya bi gidajen da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a tsakar gida yana kallon inda ruwa ke bi. Ya dawo jiƙe sharkaf yana atishawa, ya ce yanzu kam wannan ya gani da idonsa. Na yi faɗa har na gaji, na koma dafa masa ruwan zafi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na shekaranjiya. Ya je kantin magani, yana fitowa ya hango malamin yana tahowa da ledar kayan jarirai. Ashe matar ta sauka. Suka haɗa ido. Babanki ya sunkuyar da kai ya tsallaka titi. Ya shigo gida ya zauna a bakin gado da hularsa a ka, na kawo abinci ya ce in rufe. Can ya ce, "An yi wa mutum haihuwa a gidan da na sa shi, na gan shi na gudu kamar ɓarawo."

Washegari na yafa mayafi na tafi ofishin lauyar ban gaya masa ba. Na shiga da niyyar in wanke ta tas. Na ce mata ita takarda ta sani, ni mutum na sani, kuma wannan shirun da ta ɗora masa zai kwantar da shi kafin kotu ta kwantar da shi. Ta bar ni na gama, ta zuba min ruwa. Ta ce ita ma ba daɗinsa take ji ba, amma lauyan ɗaya ɓangaren yana neman ya nuna da gangan aka yi, in kuwa ya samu abin kamawa, har gidan da muke ciki ba ta da tabbas a kansa. Ta ce ba ta son a yi doguwar shari'a, sulhu take nema, wanda za a biya malamin asararsa ba tare da an kira babanki macuci ba. Ta roƙe ni in riƙe mata shi na ɗan lokaci. Na fito ban san ko haushinta nake ji ko tausayinta ba.

Ki ci gaba da addu'a, 'yar albarka. Ki gaida abokiyar ɗakinki.

Mamanki mai kewarki


Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta samu barci. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu.

An yi sulhu. Ba a gaban alƙali ba, a wani ɗaki ne a bayan kotun, mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Na bi shi, aka bar ni na zauna a kujerar bango. Kamfanin inshora ya ɗauki mafi yawan diyyar, babanki ya mayar da la'adarsa, aka rubuta cewa ya isar da maganar da bai bincika ba, amma bai san ƙarya ce ba. Tsohon mai gidan kuma malamin zai ci gaba da nemansa ta kotu. Da kowa ya sa hannu, lauya ta rufe fayil ta cire tabarau ta ce, "Baba, yanzu bakinka naka ne."

Ya miƙe. Ya juya wajen malamin. Malamin ya tattara takardunsa ya fice, ko inda muke bai kalla ba.

Na zata shi ke nan. Amma da safe na tarar da shi ya sa fararen kayansa yana jirana a ƙofa. Muka tsaya a hanya na sayi sabulai da 'yan riguna. Muka gangara zuwa gidan malamin.

Malamin ne ya buɗe. Bai ce mu shiga ba, ya tsaya ya cika ƙofa. Daga inda nake ina hango shatin ruwa a bangon falo, da littattafai da suka kumbura an jera su a kan benci. Babanki ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi a ƙofar kowa ba. Ya ce, "Malam, ka tambaye ni, na ba ka amsar da ban gani da idona ba. Ka shigo da iyalinka a kan maganata. Ka yi haƙuri."

Malamin ya dubi hular da ke hannun babanki. Sannan ya ce shi asarar kaya bai riƙe ta ba, yana iya sayen wasu. Abin da ya ci masa rai shi ne ya ɗauki babanki kamar uba, ranar da ya tsaya cikin ruwa da mace mai ciki shi ya fara kira, bai same shi ba, daga baya kuma ya gan shi a titi ya kauce masa. Babanki bai kawo zancen waya ko na lauya ba. Ni ce bakina ya yi ƙaiƙayi, ya ɗan taɓa hannuna na yi shiru.

Matar ce ta leƙo ta ce wa mijinta ai ba a barin manya a tsaye. Ya matsa. Bai ce ya yafe ba, Auta, kada in ƙara miki gishiri. Cewa ya yi babanki ya zo ya ga inda ruwan ke shigowa, tunda yanzu gani yake so. Suka zagaya baya. Ni kuwa matar ta shimfiɗa min tabarma ta miƙo min jaririyar, 'yar mitsitsiya mai gashi cunkus kamar ke ranar da aka haife ki. Muna hira ta gaya min wata maƙwabciya ta ara mata keke, tana ɗan taɓa ɗinki. Ta taga ina hango su tsugune a gindin katanga, farar rigar babanki tana jan taɓo, suna gardama a kan inda ya kamata a fasa a fitar da kwata. Malamin na cewa hagu, babanki na cewa shi ya tsaya cikin ruwan sama a gidaje da yawa bana, dama ce. Muryarsa ta dawo, har maƙwabta na leƙe.

Da za mu tafi malamin ya rako mu bakin ƙyaure. Babanki ya ce yana da magini nagari, zai kawo shi ya duba, amma a samu injiniya ya fara gani, kada a dogara da maganarsa. Malamin ya ɗan yi murmushi, na farko da na gani. Ya ce, "Asabar da safe. Kada ka makara, Baba."

Muka kamo hanya, babanki na gaba, har muka kai kan gangaren. Ya tsaya yana haki, ya ce yunwa yake ji.

Yanzu kina iya zuwa hutunki. Na gaya masa kin san komai tun farko, ya ce dama ya lura, don hirar marasa lafiyarki ta yi yawa kwanan nan. Ki taho da rigar jarirai mai kyau guda ɗaya, irin ta wajenku, na yi wa matar alkawari.

Allah ya yi miki albarka, ya kawo ki lafiya.

Taki,
Mamanki